Ƙararrawar Kumandan

Shatu, in kin iso wannan wuri a karatu, ki naɗe hannun rigarki na hagu ki nuna wa ƙannenki da 'ya'yansu tabon nan mai kama da an soka ƙusa biyu. Kin girma kina cewa kare ne ya cije ki, domin haka uwarki ta ga ya fi sauƙin faɗa, ƙuruciya kuma ta shafe miki sauran. Ba kare ba ne. Wannan tabon shi ne farkon maganar da ake yi a bayan idona tun kafin a haifi yawancinku, wai ni Arzika na kai yayana Nomau ƙara wurin hukuma saboda biri, na sa aka ɗaure shi, na raba shi da uwarsa da garinsu. Na san kun ji, domin ina ganin yadda kuke sunkuyar da kai in dangin ƙetare sun zo biki. Na daɗe da yin shiru don girman waɗanda abin ya shafa. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage da bakin faɗa. Ga shi kuma labari ya iso mini cewa ɗaya daga cikinku da ke zaune a birni, ba zan kama suna ba, shi ya san kansa, yana cinikin ɗan biri a tasha wai don yara su yi wasa. To, ku gyara zama.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mu mu biyu a hannun Inna, a ƙauyenmu na bakin kogin Kwara, kusa da Kende. Yaya Nomau ne babba. Ni na riƙe gona da damina, in ruwa ya ɗauke kuma in shiga jirgina in hau kogi da albasa da busasshen kifi zuwa kasuwannin Dendi na ƙasar Dahome, wadda ku yanzu kuke kira Benin, in dawo da gishiri da atamfa. Iyaka a wancan lokaci ba ta dame mu ba. Wuri ne kawai inda hular ɗan doka take sauyawa, kuɗi ma su sauya kama, amma surukanmu da kawunnanmu suna can suna nan. Yaya Nomau kuwa Allah bai yi shi don fartanya ba. Mutum ne mai farin jini, bakinsa kamar an shafa zuma, yana jin Dendi da Fulatanci, ga ɗan Faransancin da ya tsinta a bakin kasuwa wanda yake juya shi kamar a can aka yanke cibiyarsa. In ya shigo gida kowa sai ya yi dariya, har ni da ba a san ni da yawan fara'a ba. Ina sonsa, kada wani ya gaya muku wani abu daban.

Sana'arsa dabbobin daji ce. Yakan saya wurin maharba, ya kai wa Turawan Faransa da ke son su ga gauraka tana taƙama a tsakar gidansu, ko ɗan barewa, ko ɗan biri a kafaɗar uwargida. A jirgina ake ɗora akurkin dabbobin a kan buhunan albasa, ni kuma ban ɗauke shi komai ba, kaya kaya ne. Akwai doka tun ta Turawa da ta hana fataucin gauraka da barewa sai da takardar izini, mun sani sarai, amma daji da faɗi yake, malamin daji kuwa ɗaya ne da kekensa. Shi biri babu ma wanda ya sa shi a lissafi. A idon hukuma maɓarnacin gona ne, in ka kashe shi sannu za a yi maka.

Shekarar da Kulu, uwarku, ta haifi Shatu, Yaya ya dawo daga ƙetare da ɗan jan biri a cikin aljihun riga. Baturen da ya yi odarsa an ɗauke shi zuwa wani gari. Ɗan abin bai fi dunƙulen hannu ba, ya rungume wani tsumma ya ƙi saki, idanunsa sun fi fuskarsa girma. Inna tana tankaɗe ta ɗaga kai.

"Wanga ɗan abu mi yac ci yau?"

"Bar shi, Inna. In ya rayu ya rayu."

"Ina uwatai?"

"Ta gudu ta bar shi cikin gona," in ji Yaya, ko ƙifta ido bai yi ba.

"Allah wadan uwar da ka gudu ta bar ɗa. Miƙo shi nan. Gidana ba a barin mai rai da yunwa."

Da tsumma take tsoma madara tana matsa masa a baki. Ta goya shi kamar jika, har in ta ɗauki Shatu sai ya yi ta ƙara yana jan zanenta don kishi. Yaya ya ɗinka masa 'yar jar hula, ya koya masa ɗaga hannu ya sara kamar yadda dogaran Faransa suke yi wa babban jami'insu, daga nan sunan Kumandan ya bi shi. Matan unguwa sukan zo ɗaukar wuta su manta da wutar, suna kallon Kumandan yana duba kan Inna wai yana neman ƙwarƙwata. Tare suka tashi da Shatu, ƙwarya ɗaya suke sha. Ba zan ɓoye ba, gidanmu ya yi daɗi a shekarun nan, kuma shi ne rabin daɗin.

Amma biri ba ya zama jariri har abada. Ya yi tsawo, kafaɗunsa suka buɗe, fiƙoƙi suka fito masa kamar na kare. Ya fara buɗe tukwane, ya yaga wa Kulu zanen aurenta, ya kashe 'yan tsaki don wasa. Sai aka kafa masa turke kusa da rumbu, aka ɗaura masa igiya a ƙugu. Igiyar ta cinye gashin wurin har fata ta yi baƙi. Yini yake yana kewaya turken, ya je ƙarshen igiya ya dawo, har ƙasar wurin ta yi santsi kamar daɓe. Inna ba ta taɓa cin abu ba ta rage masa ba, kuma ita kaɗai ke iya kusantarsa. In na ce wani abu sai ta ce ai ya fi wasu 'ya'yan mutane ƙoshi. Gaskiya ta faɗa, ya fi su ƙoshi. Sai dai ban taɓa ganin ɗan mutum a turke ba.

Sai shekarar sauya tuta ta zo. Mutanen Dahome suka karɓi mulkin kansu da damina, mu kuma namu ya biyo baya dawa tana fitar da kai. Ana ta kaɗe-kaɗe a Bagudo, mu a ƙauye abin da ya dame mu daban ne, domin jajayen birai sun sauko daga tudu garke guda sun addabi gonaki. A cikin kwanakin nan ne Shatu ta bi ta gefen rumbu da dafaffiyar gyaɗa a hannu. Ba tsokanarsa ta yi ba, wucewa kawai take yi kamar kullum. Ya fizgo ta ya kafa mata haƙora a dantse. Da muciya Kulu ta yi ta dukansa kafin ya saki. Na saɓa yarinya na yi asibitin sha-ka-tafi da ita, hannu ya kumbura kamar gora, ta yi ta zazzaɓi har muka fara fid da rai. Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba.

Da ta samu sauƙi aka zauna a rumfar Inna. Kulu mace ce mai kunya, ba ta taɓa ɗaga murya gaban yayan mijinta ba, amma ranar daga bayan asabari ta yi magana kowa ya ji.

"Inna, ki gahwarce ni. Gidan ga ko shi ko ɗiyata."

"Abu mai sauƙi," in ji Yaya. "A kai shi ga maƙeri a cire haƙoran da awartaki. Gardawa masu wasa da biri sun daɗe suna roƙona shi."

Inna ta toshe kunnuwa da hannu biyu. Ni kuma na ce a kira maharbi, harbi ɗaya, ya huta mu huta. Ta dube ni kallon da ban manta ba.

"Kai dai zuciyakka dutse ta, Arzika. Abin da nig goya?"

Ana cikin haka Sarkin Noma ya yi sallama, ashe labari ya kai masa. Ya zo da wata dabara ta mutanen da, wadda ku ba ku tarar ba. In birai suka dami gonaki, akan kama ɗaya da tarko, a ɗinka masa ƙararrawa a wuya da ɗanyar fata yadda ba zai iya kwancewa ba, a sake shi. Shi zai ruga wurin 'yan'uwansa, su kuma in suka ji ƙara tana bin su sai su watse da gudu. Yana bin su suna gudu, har ya raka su bayan tudu, gonaki su huta. Matsalar Sarkin Noma ita ce biran bana sun yi wayo, sun ƙi faɗawa tarko. Ga kuwa biri a turke ana neman yadda za a yi da shi. Yaya ya tafa hannu ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ita Inna a duk bayanin nan abu ɗaya ta ji.

"Wato sakinai za a yi? Shi koma ga danginai?"

"Ƙwarai, Inna," in ji Sarkin Noma. "Ba yanka, ba harbi."

Raina bai kwanta ba, amma ban san dalili ba a lokacin, kuma ƙane ba ya ja da uwa da wa a zama ɗaya. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa duk birin da kakanninmu suka rataya wa ƙararrawa ɗan daji ne. Wannan kuwa kunu ya sani da zanen Inna.

Da hantsi aka yi abin. Inna ta dama masa fura ta ba shi da hannunta, ta cire jar hular ta cusa a ƙarƙashin matashinta, ta ce ba za ta je gona ba. Baduku ya ɗinka fatar, Yaya ya ja shi har bakin gonaki inda garken yake zaune a kan itatuwa yana jiran mu tashi. Da aka kwance igiya Kumandan bai gudu ba. Zama ya yi yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗaga hannu ya sara mana, jama'a suka fashe da dariya. Sai da aka yi masa ihu da jifa ya zabura. A can ya hango masu kama da shi, karo na farko tun yana cikin aljihu. Na ga yadda ya tsaya cak, na ga yadda ya kwasa da gudu wajensu, ƙararrawa tana kuka a wuyansa. Kafin ya isa itatuwan nan sun zama wayam. Ya bi su, ƙarar tana raguwa har ta ɓace a bayan tudu. Dabara ta ci. Dawar garinmu ta tsira a shekarar, mata suka riƙa zuwa yi wa Inna godiya, ita kuma tana cewa ai gara da ya koma cikin 'yan'uwansa.

Makiyaya ne suka fara kawo labari. Sun ce suna ganinsa shi kaɗai yana bin garken daga nesa. In ya matso su tashi, in ya tsaya su tsaya. Masu itace su ce sun ji ƙararrawa ta gabas, gobe wasu su ce ta yamma. Mun hana kowa ya gaya wa Inna.

An gama yankan dawa, wata safiya ina tsakar gida ina gyaran igiyar jirgi, sai na ji ta. Tun daga nesa take tahowa a hankali, ba irin ƙarar mai gudu ba. Kulu ta saki tsintsiya ta sunkuci Shatu ta shige ɗaki ta ja ƙyaure. Ya hauro danga da ƙyar. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, an yage masa gefen ciki, ko karnuka ne ko babban namijin garken, Allah Ya sani. Fatar nan ta bushe ta shaƙe masa wuya, wurin ya kumbura yana wari. Bai nufi ɗakin girki ba, bai nufi randa ba. Kai tsaye ya je gindin turkensa, ya ɗauki tsohuwar igiyar da ke yashe a ƙasa, ya zauna yana riƙe da ita yana dubanmu, yana jiran a ɗaure shi.

"Sabo turken wawa," in ji Yaya, yana 'yar dariya.

Ba wanda ya taya shi. Inna ta fito ba ko kallabi, ta zauna a ƙasa ta ɗora kansa a cinyarta, ni kuma na sa wuƙa a hankali na yanke fatar. Ta kawo kunu, ya kasa haɗiya. Kafin la'asar ya mutu a kan zanenta. Na haƙa rami bayan rumbu na rufe shi, ina haƙa ina jin wani irin baƙin ciki da fushi da ban san inda zan ajiye su ba. A wurin na gane abin da ya hana raina kwanciya. Birin daji in 'yan'uwansa sun guje shi, daji dai nasa ne, ya san abin da zai ci da inda zai kwana. Wannan mun hana shi zama biri, kuma ba zai taɓa zama mutum ba. Gida ya kore shi don haƙoransa, daji ya kore shi don ƙararrawarmu.

Ko hannu ban wanke ba Yaya ya same ni. Turawan Faransa suna ta ɗaure kaya za su koma ƙasarsu, kowa yana son tsarabar da zai nuna a gida, ciniki ya buɗe irin wanda bai taɓa gani ba. A bayan gida ya tara akurki, akwai gauraki, akwai 'ya'yan barewa, akwai kuma 'ya'yan biri, kowanne ya rungume tsummansa.

"Gobe da sahe mu ɗora kaya, kak kasuwa ta wuce mu."

"Albasa za ni ɗauka, Yaya. Waɗanga ba su shiga jirgina."

"Mi kac ce?"

"Na ce ba su shiga. Yau ko gobe ko baɗi."

"Don mushen biri guda za ka tozarta ni? Doka kaka tsoro? Turawan da sunka yi dokar ga su can suna tahiya."

"Ba doka ta ba. Waɗanga duka Kumandan na. Kowane za shi girma shi yi haƙora, a ɗaure shi, shi ciji ɗiyan wani."

Inna tana bakin ƙofarta tana ji. Ta ce in bar taurin kai, ai marayu ne uwayensu suka zubar, gara a kai su inda za a ba su abinci. A nan ne na faɗi abin da na daɗe da ji a bakin maharba a kasuwa, na yi ta haɗiye shi don kada in ɓata mata rai.

"Inna, uwar biri ba ta yas da ɗanta. Harbe ta a kai. Tana hwaɗuwa ɗan yana manne ga cikinta, sai an ɓamɓare yatsunai ɗaya ɗaya. Shi ya sa suka riƙon tsumma. Tambayi Yaya in ƙarya ni kai."

Ta juya ta dubi Yaya. Shi kuwa ya dubi ƙasa. Ta shiga ɗaki ta saki asabari.

Yaya bai fasa ba. Ya yi hayar jakuna ya bi ta hanyar daji. Abin da bai lissafa ba shi ne sabuwar tuta ta zo da sabon ƙwazo, kowane ɓangare yana so ya nuna iyakarsa iyaka ce. 'Yan kwastan da malamin daji suka tare shi kafin ya ƙetare, babu takarda, aka kai shi gaban alƙali. Ni ina kan ruwa da albasata lokacin da aka kama shi, sai da na dawo na ji. Ban aika kowa ba, ban raɗa wa kowa ba. Amma mutane suka haɗa ƙin da na yi da kamun da aka yi, suka ce lallai biri ya yi kama da mutum. Daga nan maganar ta samo asali.

Ga abin da na yi, kuma shi ne ba a faɗa muku daidai. Yaya ya gaya wa alƙali cewa dabbobin na gida ne, a gidanmu aka haife su, zai kai wa kawunmu na ƙetare kyauta, kuma ƙanensa shaida ne. Aka aiko a kira ni. Zan fita Inna ta tare ni a zaure, maganarta ta farko gare ni tun ranar da Kumandan ya mutu. Ba ta kama sunan Yaya ba, ɗan fari ne.

"Yayanka na. Hannunka bai ruɓewa ka yanke ka yas."

Na tafi da wannan magana a kaina kamar dutsen niƙa. A zauren alƙali aka ɗauko Alƙur'ani aka ajiye gabana, aka tambaye ni ko a gidanmu aka haifi dabbobin nan. Yaya yana dubana yana murmushi irin na wanda ya san ƙanensa. Na ce a'a, a wurin maharba aka saye su, kuma sayarwa za a kai su. Na roƙi sassauci, na ce ni zan tsaya masa, na ce uwarmu tsohuwa ce. An sassauta, amma sai da ya yi 'yan watanni a gidan yari. Ga abin da ya tsaya mini a rai har yau. Gauraki da barewa su aka yi shari'a a kansu, aka karɓe su da sunan hukuma. 'Ya'yan birin ko tambayarsu ba a yi ba, malamin daji ya ce ba sa cikin doka. A ƙofar kotu aka rarraba su ga masu so, na ga yara suna jan su da igiya. Abin da ya raba ni da ɗan'uwana, doka ba ta ma san da shi ba. Na ji an ce yanzu ta fara kulawa, to madalla, amma kada ku jira takarda ta gaya muku abin da idonku zai iya gani.

Da Yaya ya fito bai kwana a gida ba. Ya ƙetare ya zauna cikin dangin Dendi, ya yi aure, ya koma fataucin goro, ya yi arziki daidai gwargwado. Yakan aiko wa Inna saƙo, amma ƙafarsa ba ta sake taka ƙauyenmu ba sai ranar da aka binne ta. Mun gaisa, ya tambayi Shatu, na tambayi iyali, shi ke nan. Na yi kewarsa fiye da yadda zan iya rubutawa, gidanmu bai ƙara yin irin dariyar da yake sa mu ba. Wannan shi ne abin da na biya. Da za a mai da ni zauren nan a sake ajiye Littafin gabana, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. 'Ya'yansa kuwa 'yan'uwanku ne, ba ruwansu, ku je musu, zumunci a ƙafa yake. Ku daina sunkuyar da kai in kun gan su.

Ita Inna ta daɗe tana fushi da ni. Takan karɓi gaisuwata da ka, in Kulu ta kai mata tuwo ta ci, in ni na kawo kifi ta ce ta ƙoshi. Na haƙura, domin na san ɗa ta rasa, kuma ta bakina. Damina ta zo ta wuce muna haka. Wata rana da rani ina zaure ina ɗinkin buhu, sai ga wani baƙon maharbi ya yi sallama, an gaya masa gidan nan akwai tsohuwa mai son biri. Ya zaro ɗan jan biri daga burgami, jakarsa ta fata, ƙarami kamar Kumandan ranar da ya zo, ya rungume gefen burgamin ya ƙi saki. Kafin in buɗe baki na ji takun Inna a bayana. Na kuwa san yadda hannunta yake da abu ƙarami. Ta tsaya ta daɗe tana kallon ɗan birin, har hannunta ya fara miƙewa, sai ta mai da shi cikin zane.

"Ina uwatai?"

"Ta gudu ta bar shi, Inna."

"Ƙarya ka kai," in ji ta, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Hita min gida. Kuma ka hwaɗa ma 'yan'uwanka nan ba kasuwa ta ba."

Mutumin ya tattara ya fita. Ta juya za ta koma ciki, sai ta tsaya ba ta dube ni ba, ta ce in akwai sauran kifin jiya a kawo mata. Ba ta taɓa ce mini na yi daidai ba har ta koma ga Allah, ni ma ban nema ba. Na tashi da kaina na zaɓo mata mafi girma.

Ƙararrawar nan da ke rataye a bangon zaure, wadda nake hana jikoki kaɗawa kuna cewa tsufa ne ya sa ni faɗa, ita ce na yanke daga wuyansa. In na mutu ku ba wa mai cinikin biri a tasha, gadonsa ke nan daga gare ni kafin a raba sauran. Ya rataye ta inda zai riƙa gani. In ya koma wurin mai sayarwa, kada ya fara da tambayar kuɗi. Ya tambaye shi abin da kakarsa ta tambaya.